Kuɗin Inuwa

Takardar ta iso ran Talata,
a tsakanin tallan taya da sanarwar coci.
A tsaye na buɗe ta, bakin akwatin wasiƙu,
sai ga ni ina laluben wurin zama.
Dala dubu shida da ɗari huɗu.
Bara dubu huɗu na biya ina ƙunƙuni,
ashe bara gata aka yi mini.

Shekara talatin da takwas ina kamun jatan lande
a ruwan Dulac, kudu da Houma.
Na san kukan iska tun tana nesa,
na san launin teku in ta ƙulla mugun nufi,
amma lissafin kamfanin inshora
ya fi ƙarfin tsohon masunci.

Na kira Misis Pitre a ofis.
Ta ce, "Mista Verret, kada ka tashi hankalinka.
Ka ɗaure rufi da bango da maɗaurin ƙarfe,
ka sa wa tagogi marufin guguwa.
In ɓarna ta zo, dubu biyar na farko a wuyanka.
Inshorar mota da ta gida, haɗa su a hannunmu."
Ina cewa to, ina cewa to,
ina rubutu a bayan ambulan da guntun fensir.

Jikana Ovide ya shige silin, tocila a baki,
rana na gasa kwano, kwano na gasa yaro.
Kwana huɗu guduma tana magana.
Ni ina ƙasa ina miƙa ƙusa,
ina ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Aka turo mai duba gida,
saurayi mai tsabtar takalmi da tsani mai naɗewa.
Ya ƙirga ƙusoshi, ya ɗauki hoto.
Nan an rage ɗari tara, can ɗari shida,
mota ta zo da ɗari biyu da hamsin.
Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan cika,
da kaɗan-kaɗan kuma ashe bashi kan rame.

Har ya kai bakin mota, ya ɗaga kai.
"Wannan bishiyar ta haye rufinka, Baba.
Sare ta, a ƙara rage maka ɗari biyu da goma."

Bai san ta ba, ban ga laifinsa ba.
Noelie ce ta dasa ta, shekarar da muka tare,
da ludayin miya ta tona ramin
don na manta shebur a jirgi.
Ta yi ta mita har kaka ta wuce.
Guguwa uku sun bi ta kanmu tun daga nan,
ɗaya ta tafi da rumfa, ɗaya da jirgin,
bishiyar ta sunkuya ta miƙe.
Mai dashen ce ba ta miƙe ba,
kuma ba iska ce ta ɗauke ta ba.

Daren nan na zauna da fensirina.
Ɗari biyu da goma, raba wa kwanakin shekara:
bai kai rabin kofin shayi a rana ba.
Na sake rabawa, ko na yi kuskure.
Ban yi ba.

Da safe Ovide ya datse reshe ɗaya,
wanda ke goga kwano in iska ta juya.
Ɗaya tak. Na tsaya a kansa.
Na kira Misis Pitre na ce,
"Dubu huɗu da ɗari shida da hamsin, na yarda.
Saura kuwa, ki rubuta haɗari a littafinki,
ni a nawa na rubuta kuɗin inuwa."

Ta yi shiru, ina jin tana buga na'ura.
Ta ce, "Baɗi zai iya tashi, ka sani."
Na ce na sani.
Na ja kujerar roba zuwa gindin bishiyar,
wajen da ƙasa ta lotsa
daidai ƙafafun wata kujera.